Hannun Akawu: Masu Farautar Takardun Yaƙin Basasar Amurka

Duk bayan wata biyu, a ranar ƙarshe ta Fabrairu da Afrilu da Yuni, haka har zuwa Disamba, ƙa'ida ce kowane kamfanin soja na rundunar gwamnatin Amurka ya fito fili a yi kiran suna. Saje ya kira, mutum ya amsa, akawu kuma ya cike wata ƙatuwar takarda mai layi-layi wadda in aka warware ta sai ta rufe ƙaramin tebur. Sunan kowa da muƙaminsa, ranar da ya shiga soja, garin da aka ɗauke shi, yaushe rabonsa da albashi, nawa ake binsa na tufafi. Can gefen dama akwai gurbin ƙarin bayani, kuma a nan labarin yake: wane yana kwance asibiti, wane ya gudu da bindigar gwamnati, wane gudawa ta kashe shi ranar kaza, wane za a cire masa kuɗin gorar ruwan da ya yar. In babu wannan takarda babu albashi, don haka ba a wasa da ita. Wanda bai iya rubutu ba, ranar biya sai ya yi alamar kuros, wani ya shaida.

Yaƙin da nake nufi shi ne basasar Amurka, wadda ta ɓarke a Afrilun 1861 ta lafa a 1865. Jihohi 11 na Kudu ne suka ɓalle bayan an zaɓi Abraham Lincoln shugaban ƙasa, kuma tushen rigimar bauta ce, domin a lokacin akwai bayi kusan miliyan 4 a ƙasar. An daɗe ana cewa sojoji 620,000 suka mutu, bincike na baya-bayan nan ya kai adadin wajen 750,000. Cikin kowane uku, biyu cuta ce ta kashe su, atini da taifot da ƙyanda. Ɓangaren Arewa kaɗai ya ɗauki soja sama da miliyan 2, kuma kowane ɗaya sai da aka rubuta shi, aka ciyar da shi bisa takarda, aka sallame shi ko aka binne shi bisa takarda. Da gwamnati ta zo buga rahotanni da wasiƙun kwamandoji kawai, tsakanin 1880 da 1901, littafi 128 aka samu. Abin da ba a buga ba kuwa sai dai a auna da ɗaki.

Na yi aikin akawu kafin in koma rubutu, ina jin shi ya sa takardun nan suka kama ni. Na san hannun mutumin da aka sa ya kwafi abu ɗaya sau uku yana hamma. A Amurka akwai jama'a da yawa da suka mayar da tara irin waɗannan takardu abin sha'awarsu: likitoci, lauyoyi, tsofaffin sojoji, malaman makaranta da suka yi ritaya. Suna da ƙungiyoyi, suna da bajekoli, akwai dillalai da ba su da wata sana'a sai ita, kuma manyan gidajen gwanjo irin su Sotheby's da Christie's da Heritage suna ware mata ranaku. Ni ƙaramin ɗan kallo ne a cikinsu, abin da ke hannuna bai cika jakar makaranta ba, kuma ta intanet na saye shi.

Tambayar da aka fi yi mini ita ce, tunda takardun gwamnati ne, ta ina suka faɗa hannun mutane? Amsar tana cikin tsoron bashi. Kyaftin ɗin da ke riƙe da kamfani, mutum ɗari in an cika, shi ya sa hannu a kan kowace bindiga da bargo da tanti da gatari. Abin da ya ɓace ba tare da hujja ba, daga albashinsa za a cire, kuma masu binciken kuɗi na Washington suna iya tono maganar bayan shekaru. Saboda haka kowace takarda kwafi-kwafi ake yin ta: ɗaya ta tafi hedkwata, wata ga mai biyan albashi, ɗaya kuma hafsan ya riƙe don kare kansa. Da aka tashi daga yaƙi, sai ya ɗaure nasa da zare ya jefa a akwati ya kai gida. Jikokin jikokinsa ne yau suke buɗe akwatin in za su sayar da gidan gado. Ban da wannan, akwai takardun da dama can mallakar sojan ne, kamar takardar naɗi da ta izinin hutu da ta sallama. Akwai kuma na ganima, waɗanda sojojin Arewa suka yi ta cusa wa aljihu duk lokacin da suka shiga wani ofishi a Kudu.

Takardar sallama ita ce ƙofar shiga ga mafi yawan masu tarawa, don tana da yawa kuma kuɗinta bai fi ƙarfin mai albashi ba. Fom ne bugagge, da hoton mikiya a samansa, akawu ya cike guraben da alƙalami: inda aka haifi mutum, shekarunsa, tsawonsa, launin fata da na ido da na gashi, sai sana'arsa kafin ya shiga soja. A zamanin da ba a manna hoto, wannan siffantawa ita ce katin shaida. Akwai wani layi da ke cewa ba a san wani dalilin da zai hana a sake ɗaukarsa soja ba. In mutum ya nakasa ko an same shi da mugun hali, sai a ja layi a soke jimlar. Idona nan yake fara zuwa, domin zane ɗaya na alƙalami yana iya nufin an yanke ƙafa.

Wadda nake da ita ta wani manomi ce matashi. An naɗe ta an warware har ta tsage a kan layin naɗin, wani ya bi bayanta ya liƙa siririn ƙyalle. A fuskarta akwai tambarin mai biyan kuɗi, an buga shi a karkace. Dillalin ya rage mini kuɗi saboda wannan lalacewa, ni kuwa ita na saya. Takarda ba ta tsufa haka sai in an yi ta yawo da ita ofis-ofis, kuma dalilin yawon sananne ne: fansho. Wajen 1893 kuɗin fanshon tsofaffin sojojin Arewa da matansu da marayunsu ya lashe kusan kashi 40 cikin 100 na abin da gwamnatin tarayya ke kashewa. Abin ya yi tsawon rai ƙwarai. Mace ta ƙarshe da ke karɓar fanshon wannan yaƙi, Irene Triplett, 'yar wani tsohon soja da ya haife ta da tsufansa, sai a 2020 ta rasu, tana karɓar dala 73 da santi 13 a wata.

Akwai wata takarda da nake so saboda rashin kunyarta, ta ɗaukar madadi. Dokar tilasta shiga soja ta Maris 1863 ta yarda wanda ƙuri'a ta faɗa kansa ya biya dala 300 a ƙyale shi, ko ya kawo wani ya tafi a maimakonsa. Albashin ƙaramin soja a lokacin dala 13 ne a wata, ka ga talaka bai ga ta zama ba. A watan Yulin shekarar aka yi mummunar tarzoma a New York kan wannan doka. Takardar madadi tana ɗauke da suna biyu, na mai kuɗi da na wanda zai je ya tari harsashi. Grover Cleveland, wanda daga baya ya shugabanci Amurka har sau biyu, yana cikin waɗanda suka yi hayar madadi.

To, me ke sa wata takarda tsada? Kasuwa suna take saye. Takardar naɗin hafsa da Lincoln ya sa wa hannu, wadda ake bugawa a kan fata mai laushi, da hatimi da sa hannun sakataren yaƙi Edwin Stanton a gefe, dubban daloli ce, alhali Lincoln ya sa hannu a kan irinta ba adadi, kuma ba ta gaya maka komai ban da cewa an yi wa wane kyaftin. A 1864 an buga kwafi 48 na Shelar 'Yanta Bayi, Lincoln ya sa hannu, aka kai wani bajekolin tara wa sojoji gudummawa a Philadelphia ana sayarwa dala 10. Ɗaya daga ciki, wadda Robert Kennedy ya taɓa mallaka, an yi gwanjonta a 2010 a kan sama da dala miliyan 3 da dubu 700. Bayan suna sai fagen fama: takardar da ta ambaci Gettysburg ta ninka wadda aka rubuta a bariki kuɗi. Sai kuma ɓangare, domin takardar Kudu ta fi ta Arewa daraja nesa ba kusa ba.

Dalilin tsadar ta Kudu ƙaranci ne. Jiragen ruwan Arewa sun toshe tashoshinsu, masana'antun takarda kuma dama yawancinsu a Arewa suke. Shi ya sa takardunsu na ƙarshen yaƙi za ka gan su garas-garas, ruwan ƙasa, wani lokaci a bayan tsohon fom aka yi rubutun. Har ambulan sukan ɓare su juya cikinsa waje su sake aikawa, ko su yanko takardar ado ta jikin bango su naɗe. Sannan da gwamnatin 'yan aware ta gudu daga Richmond a farkon Afrilun 1865, gobara ta cinye wani babban yanki na birnin, takardu da yawa suka tafi. Wasu kuma masu su ne suka ƙone da hannunsu don gudun tuhuma.

Abin da mai tara kayan Kudu ke mafarki shi ne wata 'yar ƙaramar takarda da ba ta fi tafin hannu da yatsu ba. Bayan Janar Robert Lee ya miƙa wuya ga Janar Grant a Appomattox ranar 9 ga Afrilu 1865, aka kafa injinan buga takarda a wani masauƙin ƙauyen, aka yi ta bugawa dare da rana. Sojojin Kudu 28,231 aka yi wa afuwar talala a wurin, kowanne aka ba shi takardar da ke cewa fursunan yaƙi ne da aka saki, ya tafi gida kada a dame shi. Da ita mutum ke samun abinci da jirgi a hanya. Hafsoshinsu na Kudu ne suka sa hannu a kai. Yawancinsu sun sha gumi a aljihu tsawon tafiyar ɗaruruwan mil a ƙafa, don haka waɗanda suka tsira kaɗan ne, kuma iyalai ba sa son rabuwa da su.

Ra'ayina, wanda dillalai ba za su so ba, shi ne kasuwa ta juya ma'auni. Sa hannun janar ado ne. Abin da zai gaya maka yadda aka yi yaƙin yana hannun akawun da ba wanda ya san sunansa. Dubi umarni mai lamba 3 da aka fitar a Galveston ta jihar Texas ranar 19 ga Yuni 1865, wanda ya sanar da bayin jihar cewa sun zama 'ya'ya. Wannan rana yanzu hutu ce a duk Amurka, tun 2021. Rubutaccen asalin umarnin, da ma'aikatan Ma'adanar Takardun Ƙasa suka zaƙulo a 2020, yana cikin littafin umarni na yau da kullum, shafi cikin shafuka, kuma wani manjo ne ya sa hannu a madadin Janar Gordon Granger.

Inda hannun akawu ya fi yin rana shi ne a kan baƙaƙen sojoji. Wajen mutum 180,000 ne suka shiga rundunar Arewa bayan an buɗe musu ƙofa a 1863, da yawansu bayi ne jiya-jiya. Ƙidayar jama'a ta 1860 ba ta rubuta bawa da sunansa ba, sai shekaru da jinsi da launi a ƙarƙashin sunan ubangijinsa. Saboda haka ga dubban iyalai baƙaƙe a Amurka, rajistar soja ita ce takardar gwamnati ta farko da kakansu ya bayyana a ciki da suna biyu kamar kowa. A wasu fayilolin har za ka tarar da takardar cinikin mutumin, domin a jihohin da ba su ɓalle ba an ba iyayengiji damar neman diyya har dala 300 in bawansu ya shiga soja, kuma sai sun kawo shaidar mallaka.

A cikin waɗannan sojoji akwai ɗan Barno. Sunansa na yanka Muhammad Ali bin Sa'id, an haife shi a Kukawa wajen 1836, kuma ya ce mahaifinsa shi ne Barka Gana, sarkin yaƙin Shehu al-Kanemi. Yana yaro mahara suka kama shi, aka sayar da shi, aka ƙetara da shi Sahara zuwa Tarabulus, daga can Santambul, daga can ya faɗa gidan manyan Rasha, inda aka yi masa baftisma aka sa masa Nicholas. Ya zaga Turai yana hidimar wani basarake, ya iso Amurka a 1860, ya yi koyarwa a Detroit. A 1863 ya shiga runduna ta 55 ta jihar Massachusetts, ta baƙaƙen fata, har ya kai saje, daga baya ya koma aikin asibitin rundunar. Kanar ɗinsu na farko, Norwood Hallowell, ya tuna da shi bayan shekaru da yawa saboda tsagen da ke goshinsa da kuma yawan harsunan da yake ji.

Rundunar tasa tana cikin waɗanda suka yi wani abin da sai a takardun albashi ake ganin girmansa. An ɗauke su bisa alkawarin dala 13 kamar farare, sai gwamnati ta ce dala 10 za ta ba su, a cire 3 na tufafi, saura 7. Suka ce ba su karɓa. Jihar Massachusetts ta ce za ta cika musu daga aljihunta, nan ma suka ƙi, don ba kuɗin ne damuwarsu ba. Suka yi sama da shekara suna aiki suna mutuwa ba ko sisi, matansu na fama a gida, har majalisa ta daidaita albashin a Yunin 1864, aka biya su cikakke bayan 'yan watanni.

Ga abin da ya ɗaure mini kai game da Sa'id. A 1873 ya buga tarihin rayuwarsa a Memphis, littafi guda, ya ba da labarin Barno da hamada da fadojin Turai, amma bai ce uffan ba kan cewa ya taɓa sa kakin soja. A lokacin yana zaune a Kudu, yana koyarwa a Alabama, cikin mutanen da rundunarsa ta yaƙa, a shekarun da 'yan Ku Klux Klan ke bin baƙaƙen tsofaffin sojoji da malaman makaranta har gida. A ganina ba sai an yi dogon nazari ba kafin a gane dalilin shirunsa. Da littafinsa kaɗai muke da shi, da shekaru biyun nan sun ɓace. Rajistar runduna ce da 'yan takardun da ke tare da ita suka riƙe su, ko da yake wasu akawunan sun rubuta sunan nasa a karkace.

Inda kuɗi yake kuwa, jabu na nan. Hanya mafi tsufa ta tantancewa ita ce sanin hannu, kuma yaƙin kansa ya ba da misali. Ranar 13 ga Satumba 1862 wani kofur na rundunar Indiana ta ɓangaren Arewa, Barton Mitchell, ya tsinci takarda a ciyawa kusa da garin Frederick, an naɗe sandunan taba uku masu kauri da ita. Ashe umarnin Lee ne mai lamba 191, wanda ya fayyace yadda ya rarraba rundunarsa. Tarko ne ko gaskiya? Aka yi dace a hedkwatar akwai wani hafsa da ya san sa hannun Robert Chilton, magatakardan Lee, tun kafin yaƙi, ya ce nasa ne. Bayan kwana huɗu aka gwabza a Antietam, inda mutum wajen 23,000 suka mutu ko suka jikkata ko suka ɓace a yini ɗaya. Takardar tana nan a Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka.

Mai tarawa na yau shi ma hannu yake koyo. Lincoln a takardun hukuma cikakken sunansa yake sawa, a wasiƙu kuwa harafin farko da sunan mahaifi. Andrew Johnson, wanda ya gaje shi, yana da ciwon hannu, don haka yawancin takardun naɗi na zamaninsa hatimin sa hannu aka buga musu. Matar Jefferson Davis, shugaban 'yan aware, takan sa hannu a madadin mijinta, kuma ta ƙware har sai an lura da ɗigon da takan ajiye a ƙarshen sunan.

Sai takarda da tawada. Takardar lokacin da tsummokaran auduga da lilin ake yin ta, shi ya sa fom ɗin 1863 ya fi jaridar 1950 ƙwari, ita da aka yi da ɓawon itace mai tsami. Takardar zamani kuma akan sa mata sinadarin ƙara haske, wanda ke ƙyalli in an haska ta da fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba kuɗi da ita. Tawadarsu ta ƙarfe ce da tsamin itace, 'yar uwar wadda malamanmu ke haɗawa da bagaruwa da kashin maƙera, kuma halinsu ɗaya: da tsufa sai ta koma ruwan ƙasa, in ta yi yawa ta ci takardar. Sabuwar tawada a kan tsohuwar takarda takan yi gashi-gashi a gefen harafi. Amma gwanaye sun san duk wannan. Joseph Cosey, wanda ya addabi dillalan New York a shekarun 1930, fararen shafukan tsofaffin littattafan lissafi yake nema ya yi rubutun Lincoln a kai, ya kai wa dillali yana nuna shi bai san darajar abin ba, dillalin ya saya da arha yana murna ya cuci bagidaje. Yau jabun Cosey ma ana sayensa da sunansa.

Mafi yawan abin da ke ruɗin mutane ma ba da niyyar zamba aka yi shi ba. Jaridar Vicksburg da aka buga a bayan takardar bango a farkon Yulin 1863, lokacin da garin ke kewaye, an sake buga kwaikwayonta sau da dama don tsaraba, har Ɗakin Karatu na Majalisa ya fitar da takardar bayanin yadda za a bambance. Haka takardun nan masu ƙamas-ƙamas launin shayi da ake sayarwa a shagunan wuraren tarihi. Kaka ta saya a 1960, ta sa a akwati, jika ya tarar ya rantse gadon yaƙi ne.

Jabun da ya fi ba ni tsoro shi ne wanda ake yi a jikin takarda ta gaskiya. A 2011 Ma'adanar Takardun Ƙasa ta sanar cewa an taɓa wata afuwa da Lincoln ya yi wa wani soja: an mayar da 1864 ta koma 1865, don ta zama ta ranar 14 ga Afrilu 1865, ranar da aka harbe shi. Lamba ɗaya aka canza, a cikin ɗakin karatun ma'adanar, kuma an yi sama da shekara goma ana nuna takardar a matsayin ɗaya daga ayyukansa na ƙarshe. Fom na gaske da aka ƙara wa sunan shahararren fagen fama a gurbin da ke fili, shi ma haka yake, takarda da tambari duk za su ci jarrabawa.

Shi ya sa tambayar farko ga dillali ita ce daga ina. Wani ɗalibi mai koyon aiki a reshen ma'adanar da ke Philadelphia ya kwashe takardun yaƙin 164 a 2006, ya yi ta sayarwa a eBay, har wani mai saye da ya san cewa wurin ɗayarsu ma'adana ne ya tona. An ɗaure shi wata 15, waɗanda suka saya kuma suka mayar. Takardar da ta taɓa shiga rajistar gwamnati ba ta zama taka don ka biya kuɗi. Kwafin da jihar North Carolina ke da shi na gyare-gyaren farko na tsarin mulkin Amurka, wanda wani sojan Arewa ya ɗauke daga Raleigh a 1865 ya sayar dala 5, sai a 2003 jami'an FBI suka yi shigar masu saye suka ƙwace shi.

Rigimar mallaka ma ta girmi kasuwar. Dorence Atwater matashin sojan Arewa ne da aka tsare a sansanin fursunoni na Andersonville, inda kusan mutum 13,000 suka mutu. Da yake hannunsa na da kyau, aka sa shi rubuta sunayen matattu. Ya yi zargin ba za a taɓa nuna wa iyalai wannan rajista ba, sai ya riƙa kwafa a ɓoye, ya fito da ita cikin rigarsa. Da wannan kwafi shi da ma'aikaciyar jinya Clara Barton suka je a 1865 aka sa suna a kan kaburbura, waɗanda ba a gane ba ba su kai 500 ba. Ladansa? Ma'aikatar yaƙi ta ce jerin nata ne, shi ya ce nasa ne ya ɗauke abinsa, aka gurfanar da shi kotun soja aka ɗaure shi. Bayan an sake shi jaridar New York Tribune ta buga sunayen a 1866.

Ɓarnar da ta fi yawa a wannan harka doka ba ta hana ta ba. Lincoln yakan rubuta gajeren umarni a bayan wasiƙar roƙo, cewa a rantsar da wane a sake shi. Masu tarawa na da suka yi ta sa almakashi suna yanke 'yan layukan nan da sa hannun, su yar da wasiƙar. Yau ga umarnin a firam, amma wace uwa ce ta yi roƙon, wane ne ɗan nata, babu. Na zamani ba sa yanka, rarrabawa suke yi. Akwatin kyaftin ɗaya mai takarda ɗari biyu ya fi kawo kuɗi in an sayar ɗaiɗai, don haka rajistar Afrilu ta tafi Texas, ta Yuni ta tafi Jamus, kuma ba wanda zai sake iya jera su ya ga mutum goma sha biyun da suka ɓace tsakani. Ina ganin laifin masu saye ya kai na dillalai, mu ne muke son guda ɗaya mai kyau ta bango.

Bangon ma shi ne makashinta, domin haske na kashe tawada, musamman a kan fata inda ba ta shiga jiki sosai. Kada a manna mata salatif, kada a kai ta shagon da ake narka leda a kan satifiket, wannan in an yi ba ya warwaruwa. A shimfiɗe ake ajiye ta, cikin fayil marar tsami, a rataye hotonta in ana son ado. Mu da ke wannan yanki muna da ƙarin abokan gaba, laimar damina da ƙurar hunturu da gara, don haka akwatin ƙarfe ne a kan kanta, nesa da bango, a riƙa dubawa in ruwa ya sauka. Duk abin da dillali ya faɗa game da inda takarda ta fito, ko da sunan gari ne kawai da shekarar da aka sayar da gidan, ina rubuta shi da fensir a wata takarda dabam in haɗa su, kuma nakan tambaye shi ko tana da 'yan uwa, da inda suka nufa.